Bambar da Ta Yi Saɓa: Darasi Daga Garejin Fenti

Duk wanda ya je SIWES da labarin da ya dawo da shi. Wani wata huɗun nan a sayo wa ma'aikatan ofis abinci ya ƙare su, wani kuma sai a makon ƙarshe ya zauna ya cike littafinsa da ayyukan da ko a mafarki bai yi ba. Ni garejin fentin mota aka tura ni, kuma nawa labarin na wata bamba ce da ta kusa jawo mini komawa makaranta ba tare da sa hannun maigidan gareji ba. Na ga ya dace in rubuta shi a nan saboda 'yan ND I da za su fita bana, da kuma masu tunanin buɗe nasu wurin bayan kammalawa, don abin da ya same mu yana samun masu fenti kullum, kuma kusan kullum a kan abin da ba shi ne mai laifi ba suke ɗora laifin.

Wani Alhaji ne ya kawo Corolla da aka daki gabanta. Aka sayo sabuwar bamba a kasuwa, baƙa wuluk, ko ɗigon fenti babu a jikinta. Oga ya ce in shirya ta. Na yi yadda na ga sauran yara suna yi: na jiƙa tsumma da fetur na goge, na bi ta da sanfefa mai kaushi, aka fesa firaimar nan mai ruwan toka da ake fesa wa bodi, aka sa kala, aka rufe da kiliya, wato ruwan ƙyallin da ake yi a sama. Tun da ana kan aiki, Alhaji ya ce a haɗa da robobin gefen ƙofa da murfin madubai, duk su zama kalar mota. Da yamma mota ta fito tana ɗaukar ido. Har hoto na yi da ita.

Kwana tara ya dawo. Ya kai ta wanki, yaron ya ɗora mata ruwan inji, fenti ya ɗago daga kusurwar bambar ya taho kamar saɓar maciji. Da hannunsa ya kama ya ja mana faifai guda mai faɗin tafin hannu.

Oga ya juyo ya dube ni. "Injiniya, zo ka ga aikinka."

Na ce, "Oga, wallahi na goge ta, na kuma bi ta da sanfefa."

Sai ya juya wajen mai motar. "Ranka ya daɗe, fentin yanzu ne, duk jabu. A yi haƙuri a bar mana ita."

A wurin aka yanke cewa gareji zai sake aikin kyauta, Oga kuma ya ce da ni littafina zai jira har sai an ga yadda ta ƙare. Na ɗauki ɓallen fentin na sa a aljihu, ban ma san dalili ba. Ranar Asabar na je wurin malaminmu da ya koya mana darasin kayan aiki na ba shi labari. Bai bari na gama ba ya ce in nuna masa ɓallen. Ya juya bayansa ya ce, "Me ka gani?" Na ce firaima. Ya ce, "A jikin bambar fa, me ya rage?" Na ce babu komai, roba ce tsirara. Ya ce to ai fentin ba jabu ba ne: kiliya ta riƙe kala, kala ta riƙe firaima, ukun nan suna manne da juna har yanzu. Wuri ɗaya aka rabu, tsakanin firaima da roba.

Wannan shi ne abu na farko da nake so kowa ya ɗauka. Kafin ka zargi kowa, juya ɓallen. In bayansa firaima ce kuma roba ta fito fes, matsalar tana wajen shirya robar. In firaima ta zauna a jikin mota kala ce ta tashi, to ko ba a goge firaimar da sanfefa ba, ko an bar ta ta daɗe ta ƙeƙashe, ko ƙura da maiƙo sun sauka a kanta kafin a sa kala. In kuwa kiliya kaɗai ke ɓarewa kamar fatar albasa, yawanci an bar kala ta wuce lokacinta kafin a rufe ta, ko an fesa kiliyar a bushe, ko rana ce ta shekaru ta cinye ta. Ciwo uku ne daban, magani uku daban.

Mu Hausawa komai roba muke ce masa, daga taya har bokiti, shi ya sa a gareji ma ake ɗaukar duk robar mota ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Ka kwance bamba ko wata robar ado ka duba bayanta, za ka ga haruffa da aka buga tun a masana'anta tsakanin alamu biyu, kamar >PP<, ko >PP+EPDM<, ko >ABS<. Yawancin bambobin motocin da ke kan titinmu PP ne, wato folifurofilin, sau da yawa an gauraya shi da EPDM don ya yi laushi ya iya shan duka. Giril ɗin gaba da murfin madubi da adon da ke ƙyalli kamar ƙarfe galibi ABS ne. ABS ba ya ba mai fenti wahala sosai. PP ne ɗan rigimar.

Kun san PP ko ba ku san sunansa ba. Shi ne kujerar roba ta gidan biki, shi ne buhun shinkafa. Ku tuna kujerun haya da ake rubuta sunan mai su da fenti a baya: da farce kake kankare rubutun, shi ya sa masu wayo suke ƙona sunan da ƙarfe mai zafi. To abin da muka yi wa bambar Alhaji ke nan, mun rubuta suna a bayan kujera.

Dalilin yana cikin abin da muka karanta muka manta bayan jarrabawa. Kafin fenti ya kama abu, dole ya jiƙa shi, ya baje ya shiga kowane ɗan lungu na samansa. Ka zuba ruwa a ganyen gwaza ka ga yadda yake dunƙulewa yana gangarewa, bai jiƙa ganyen ba. Ana auna wannan hali na saman abu da ma'aunin dain a kowace santimita. Ruwa yana wajen 72. Saman PP yana wajen 30 kacal, alhali fenti yana son saman da ya kai kusan 38 zuwa sama kafin ya zauna da kyau. PP kabon da haidurojin ne zalla, babu wani ɓangare a jikinsa da sinadaran fenti za su riƙa, kuma tina ba ta narkar da shi balle fentin ya nutse a ciki. A masana'antar motoci har harshen wuta suke bi da shi a kan bamba, na ɗan lokaci ƙanƙani, don iskar oksijin ta shiga saman robar ta ɗaga wancan lissafin. Kada wani ya ce zai gwada haka da abin hura wutar walda a gareji mai cike da tina, bambar za ta narke, ƙila ma ba ita kaɗai ba.

Idan haruffan sun goge, akwai dabara. Yanko ɗan siririn yanki daga ciki inda ba a gani, ka jefa a kofin ruwa. Nauyin PP wajen 0.9 ne idan aka gwada da ruwa, don haka zai taso. ABS wajen 1.05 ne, zai nutse. Sai dai a kula, akwai PP da ake cusa wa garin dutse don ya yi tauri, za ka ga an rubuta T20 ko makamancinsa a bayansa, wannan yana iya nutsewa ya yaudare ka. Saboda haka ka ƙara da gwaji na biyu: ɗiga asiton, irin wanda ke cikin ruwan goge jan farce, a wurin da ba a gani. ABS zai yi danƙo, PP ko a jikinsa.

Ranar Litinin na koma da wannan bayani. Oga ya saurare ni yana sakace, ya ce shekara nawa yana fenti kafin a haife ni. Gaskiyarsa ce, a kan ƙarfe ban ga hannu irin nasa ba. Amma a ƙarshe ya ce, "Tun da kai ka ɓata, kai za ka gyara. Kuɗin kayan ƙarin kuma daga aljihunka." Na yarda.

Mataki na farko shi ne mafi ban haushi: cire duk fentin. Babu maganar gyara wurin da ya ɓare kaɗai a fesa a kai, don abin da ya sa kusurwa ta tashi yana nan a ƙarƙashin sauran, lokaci kawai yake jira. Kuma ba a sa wa roba ruwan cire fentin nan na ƙarfe, cinye ta yake yi. Da ruwan inji da iskar kwamfaresa da wani tsohon katin ATM na yi aikin. Abin kunya, rabin fentin da kansa ya sauka.

Sai wanki, wanda a nan na fi daɗewa, kuma a nan nake ganin yawancin aiki yake lalacewa. Sabuwar roba tana zuwa da maiƙon da ake shafa wa mazubinta a masana'anta don ta fita ba ta manne ba. Ba ka ganinsa, wani ma ya shige cikin robar. Tsohuwar roba kuwa, irin ta gefen ƙofar Alhaji, ta sha man ƙyallin da masu wankin mota ke shafawa a taya da dashbod, kuma yawancinsa silikon ne. Silikon babban abokin gaban fenti ne. Ɗan kaɗan ya isa ya sa fenti ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka zagayayyu kamar idon kifi. Na tuna tun a feshin farko mun ga irin waɗannan a robobin ƙofa, aka ƙara fenti aka danne su. Gargaɗi ne muka rufe.

Feturin da na goge da shi bai cire komai ba, narkar da maiƙon ya yi ya baza shi ko'ina, ya bushe ya bar nasa. Tina ma ba ta dace ba: roba tana shan ta, daga baya ta riƙa fitowa a ƙarƙashin fenti, ABS kuwa laushi take sa shi har ya tsattsage. Abin da ya kamata shi ne a fara da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ciki da waje, har bayan bambar, don hannunka zai taɓa baya ya dawo gaba. Bayan nan na shanya ta a rana tsaka. Kamfanonin fenti suna ba da shawarar a gasa sabuwar robar da ba a taɓa fentawa ba a zafin digiri 60 na kusan awa guda, don maiƙon da ke ciki ya yi gumi ya fito. Mu ba mu da ɗakin gashi, amma baƙar roba a ranar watan Afirilu ba ta buƙatar wani taimako. Sai dai a ɗora ta yadda ba za ta lanƙwashe ba. Da ta huce na sake wankewa, sannan na bi ta da ruwan goge roba da ake sayarwa a shagon kayan fenti. In babu shi, sifirit irin na asibiti ya fi fetur nesa ba kusa ba. Tsumma biyu ake riƙewa, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe. Ka shafa da na farko, ka kwashe da na biyu tun kafin ya bushe, ka riƙa tafiya gefe guda kana juya tsumman. In ka bari ya bushe da kansa, dattin da ka narkar ya koma inda ka same shi.

Ka lura wanki ya riga sanfefa. In ka fara da sanfefa, tura maiƙon kake yi cikin ƙarcen, daga nan kuma babu sabulun da zai kai gare shi. Sanfefar ma da na yi amfani da ita a karon farko, mai lamba 180, ta yi wa PP kaushi. Tayar masa da gashi take yi, ƙananan zaruruwa da ke leƙowa ta cikin firaima. Soson gogewa mai ruwan toka ko sanfefa daga lamba 400 zuwa 600 sun isa, da ruwa. Abin da ake nema shi ne a kashe ƙyallin ko'ina, musamman lunguna, bakin fitila, gefen lamba da ƙarshen bamba. A tsakiya kowa yana gogewa da kyau don nan ne hannu ke jin daɗi, amma fenti daga gefe yake fara tashi. Da na gama na watsa ruwa mai tsabta. Inda ruwa ya baje ya kwanta, an yi. Inda ya dunƙule ya gudu, na koma. Sau uku na koma wa robobin ƙofa.

Yanzu sai abin da babu shi sam a aikinmu na farko: firaimar roba, wadda a shago suka fi sani da filastik firaima. Ruwa ce garai, kusan ba ta da kala. Sinadarin da ke cikin yawancinsu dangin PP ne da aka sa wa kulorin, saboda haka gefe ɗaya nasa yana kama robar don jininsu ɗaya, ɗaya gefen kuma yana ba fenti wurin riƙo. Tafinta ce tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Kuskuren da ake yi da ita shi ne a ɗauka yawa shi ne ƙarfi. A'a. Feshi ɗaya ko biyu marasa nauyi, yadda robar za ta ɗan yi sheƙi kawai. In ta yi kauri, ita kanta ce za ta zama wurin rabuwa. Sannan tana da lokaci: 'yan mintoci ta sha iska, sai a ɗora abin da ke biye kafin wa'adin da aka rubuta a gwangwani ya wuce. Kowane kamfani da nasa wa'adin, don haka a karanta. Mu da aka tura makaranta, ko ba mu iya komai a gareji ba, ai mun iya karanta gwangwani, kuma na ga yadda wannan kaɗai yake raba aiki da asara.

Bamba tana lanƙwasa, ƙarfen bodi ba ya yi. Firaima da kiliya masu hadina in sun bushe tauri suke yi, sai a ɗan taɓa mota a cunkoso ka ga fenti ya tsage kamar sawun gizo-gizo, ruwa ya samu hanyar shiga. Akwai sinadarin sa laushi da ake zuba musu saboda wannan, gwargwadon da kamfanin ya faɗa. Kuma kada a labta fila ko firaima mai kauri a kan roba.

Adon da ke ƙyalli kamar madubi, wato kurom, nasa daban ne, ko da ƙarƙashinsa roba ce. Samansa ƙarfe ne mai tauri da santsi, firaimar roba ba ta da aiki a nan. Sai an goge shi da sanfefa har ƙyallin ya mutu gaba ɗaya, sannan a sa firaimar ifoksi ko mai ɗan asid da ke cizon ƙarfe. Haka adon alminiyam. In kurom ɗin ya riga ya fara kumbura yana ɓarewa, ni dai shawarata a sayi wani, wahalar ba ta biya.

Akwai kuma abin da ke fitowa daga bindigar fentin ba tare da an gayyace shi ba. Ranar da zan yi feshi na buɗe ƙasan tankin kwamfaresa, ruwa mai tsatsa da mai ya zubo kusan cikin kofi. Duk wannan da iska yake tafiya ya sauka a kan aiki. A riƙa zubar da shi kowace safiya, a sa matatar ruwa a kan tiyo. Da damina laima tana sa fenti ya yi hazo. Da hunturu kuwa roba tana tara lantarki in ka goge ta da busasshen tsumma, ta riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu. Da bazara, in ka fesa a kan robar da ta sha rana da tsakar rana, fentin yana bushewa tun a iska, ya sauka kamar gari, bai jiƙa komai ba. Da sassafe muka yi namu, a inuwa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa.

Dole in faɗi wannan ko da ba a kan mannewar fenti yake ba. Hadinar da ake zuba wa fenti tana ɗauke da aisosayanet, wanda ke jawo asma mai tsanani, kuma in jiki ya riga ya tsane shi, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. Takunkumin ƙyalle ko hankici ba ya tare shi. Abin da ya dace shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Mafi ƙaranci a samu mai gwangwanin tacewa a riƙa canza shi, a yi aiki inda iska ke wucewa. Madarar gwangwani da ake sha bayan feshi wai don ta wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu.

Da zan yi feshi na ajiye wani guntun tsohuwar bambar PP a gefe, na raba shi biyu. Rabi na shirya shi yadda muka saba, fetur da firaimar bodi. Rabi kuma yadda na bayyana a sama. Aka fesa su tare da bambar Alhaji, fenti ɗaya, hannu ɗaya. Bayan mako guda, da fenti ya gama ƙeƙashewa, na yi gwajin da ke cikin ƙa'idar ISO 2409. Da sabuwar reza ake tsaga layi shida a jere har ƙasa, tazarar milimita 2, sannan wasu shida a gicciye, ka samu ƙananan murabba'ai 25. Ka manna salatif mai ƙarfi a kai, ka danne da yatsa, ka fizge. Ana ba da maki daga 0 zuwa 5: 0 babu abin da ya tashi, 1 bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, 5 kuma fiye da kashi 65 ya tafi. A gaban Oga da yara na yi. Rabin fetur, murabba'ai 25 ɗin kusan duka suka biyo salatif. Ɗaya rabin, salatif ya fito fari.

Oga ya karɓi guntun ya juya shi, ya sa farce ya gwada da kansa, bai ce komai ba. Can ya tambaye ni nawa na sayi gwangwanin firaimar robar, na faɗa masa. Ya ce wa babban yaronsa daga yau a riƙa sa kuɗinta a lissafin duk aikin bamba. Bai mayar mini da kuɗina ba, amma ya ce in kawo littafin.

Guntun yana wurina a hostel, Block ɗin 'yan injiniya. Wanda zai fita SIWES a garejin fenti ya zo ya gani, ya taho da nasa salatif ɗin.